Motar da Ke Mutuwa a Hanya Ta Sake Tashi: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Motar da ta ƙi tashi ƙememe ba ta cika wahalar da bakanike ba, domin ciwon yana nan zaune yana jiran a duba shi. Wadda ke cinye aljihu ita ce mai mutuwa a tsakiyar gosulo, a tura ta gefe, bayan minti 10 a murɗa makulli ta tashi garau kamar ba ita ba. Ka kai ta gareji, ta wuni tana aiki lafiya lau. Daga nan sai a shiga canje-canje: yau fulogi, jibi famfon mai, mako mai zuwa a ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Na yi wata biyu a cikin wannan hali da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Na sayi famfon mai, na sayi kwayil, ba abin da ya sauya. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo rewaya, wanda bai ma buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce, "Malam, idan ta mutu, a kan kwalta mai kyau take mutuwa ko a cikin gargada?" Na ce, "Baba, wallahi ban taɓa lura ba." Ya ce, "To, je ka lura, ka dawo." Wannan jagorar a kan tambayarsa na gina ta. Irin wannan matsala ba a gyara ta da zato, sai an kama ta tana cikin faruwa, an auna, an gani.

Kafin komai, idan inji ya mutu kana tafe

Sitiyari zai yi nauyi, amma yana juyawa, sai dai ka sa ƙarfi. Birki kuma yana da ragowar taimako na taku ɗaya ko biyu, bayan haka zai yi tauri kamar dutse. Saboda haka kada ka riƙa dannawa kana saki. Taka shi sau ɗaya ka riƙe. Kunna fitilun haɗari, ka gangara gefe. Kada ka mayar da makulli can ƙarshe motar tana tafiya, don sitiyari yana iya kullewa.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar awon wuta, wato malti-mita, fitilar gwaji, sifana mai lamba 10, takardar yashi, wayar jona batir, da ɗan littafi da biro a aljihun mota.

Mataki na 1: Ka zama shaida

Duk lokacin da ta mutu, rubuta abin da ya faru tun kafin ka manta. Injin ya yi zafi ko da sanyin safiya ne? Kana gudu ne ko kana rage tafiya za ka tsaya? Ka faɗa rami? An yi ruwa, ko ka kai ta wanki? Mai nawa ne a tanki? Ka kunna AC ko manyan fitilu? Bayan minti nawa ta yarda ta tashi?

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yadda take mutuwa. Motar da mai ya yanke mata tana fara tari, tana fizga, ka taka totur ba ƙarfi, sannan ta mutu a hankali. Wadda wuta ta yanke mata kuwa farat ɗaya take ɗaukewa, kamar an kashe makulli.

Sai ka dubi allon gabanka a wannan daƙiƙar. Idan inji ya tsaya makulli yana kunne, ya kamata fitilar batir da ta baƙin mai su kama. Idan sun kama, wuta tana zuwa gaban mota, matsalar tana can wajen inji. Idan allon ya yi duhu gaba ɗaya, rediyo ma ya ɗauke, to babbar hanyar wuta ce ta yanke: kan batir, babban fiyus, ko makunnin da ke bayan makulli. A mota mai kuloci akwai ƙarin shaida. Idan tana gangarawa a cikin giya, tayoyi suna ci gaba da juya injin, don haka allurar da ke nuna juyin inji bai kamata ta faɗi ƙasa nan take ba. Idan ta faɗi sifili alhali injin yana juyawa, kwamfutar motar ta daina ganin juyin, kuma wannan yana nuna sensar kiranshaf, wato 'yar na'urar da ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa, ko wutar da ke ciyar da kwamfutar.

Wannan mataki kyauta ne, kuma shi ne rabin aikin.

Mataki na 2: Batir da kawunansa

Da safe, kafin ka tayar da mota, sa mita a kan awon bolt, a lamba 20. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6. Idan ka ga 12.2, rabin caji ke gare shi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa zama fanko. Bar mitar a jiki, wani ya ba ta kik: kada awon ya sauka ƙasa da 9.6. Idan ya sauka, ko batirin ya gaji ko kik ɗin yana jan wuta fiye da kima.

Yanzu kama kan batir da hannu ka gwada murɗa shi. Idan ya motsa ko kaɗan, ka riga ka sami laifi ɗaya. Sau da yawa za ka tarar an buga ƙusa ko an cusa guntun ƙarfe a tsakani don ya riƙe. Wannan yana aiki a tsaye, amma rami ɗaya ya isa ya raba su na ƙiftawar ido, kuma ƙiftawar ido ta ishi kwamfuta ta ɗauke. Cire na mainos tukuna, sannan na fulos. Wajen mayarwa na mainos ne ƙarshe. Farin garin nan ko koren da ke taruwa a kai, wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda, ko ruwan kanwa, kada ya shiga cikin batirin. Goge da takardar yashi har dalmar ta yi haske. Idan kan ya buɗe ba ya matsewa, a sa sabo. Ka kuma tabbata batirin a ɗaure yake, ba yawo yake yi a mazauninsa ba.

Mataki na 3: Wayar at, wato hanyar dawowar wuta

A nan nake so a daɗe, domin nan ne tsofaffin motoci suka fi ciwo, kuma nan aka fi tsallakewa. Wuta tana fita daga batir ta waya, amma dawowarta ta jikin ƙarfen mota ne. Akwai babbar waya daga mainos zuwa bodi, akwai wata daga inji ko giyabos zuwa bodi, sannan akwai ƙananan wayoyin at na kwamfuta da sensoci da aka ɗaure a jikin inji. Duk motar da aka taɓa sauke mata inji ko giyabos, ko aka yi mata fenti, ko ta yi shekaru a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, to a zargi waɗannan wayoyi. Wani sa'in an manta ba a mayar da ɗaya ba, wani sa'in an ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa, wani sa'in kuma silallan cikinta sun tsittsinke, roba kawai ke rufa mata asiri.

Alamominta suna da rikitarwa: ka taka birki fitilar gaba ta yi rauni, ka sa sigina wata fitilar daban ta riƙa ƙiftawa, allurar zafi ta haura da zarar ka kunna manyan fitilu, kik ya yi nauyi alhali batir sabo ne.

Duba da ido ba ya wadatarwa, awon ko waya ba ta tsinke ba, wanda mita ke yin ƙara, shi ma yaudara ne, domin sili ɗaya tak da ya rage zai sa mita ta yi ƙara. Sai an auna wuta tana gudana. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar mainos ta batir ita kanta, ɗayan a kan ƙarfen inji mai tsabta. Wani ya ba da kik. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a hanya. Idan ya wuce rabin bolt, hanyar ba ta da kyau. Sake gwadawa inji yana aiki, fitilu da fanka a kunne, tsakanin mainos da inji, sannan tsakanin mainos da bodi: kada ya wuce 0.2. Haka za ka yi a ɓangaren fulos, daga dalmar batir zuwa babban ƙullin bayan altaneta, na'urar da ke cajin batir.

Idan ba ka da mita a kusa, ɗauki wayar jona batir ɗaya, ka maƙala daga mainos zuwa ƙarfen inji. Idan kik ya yi sauƙi ko fitilu suka daidaita, ka gano. Kwance wayar, goge wurin har ƙarfe ya fito fes, ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris a sama.

Mataki na 4: Altaneta

Inji yana aiki, awo a kan batir ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.7. Kunna fitilu da AC, ka ɗan taka totur, ka ga ko zai riƙe sama da 13. Idan yana hawa yana sauka, burushin ciki ya cinye, ko fanbel yana santsi, ko soket ɗin baya ya saki. Idan ya haura 15, caji ya yi yawa, zai dafa batir ya ƙone kwararan fitilu. Juya mitar zuwa awon wuta mai kai-da-kawo, wato inda alamar V take da layi mai lanƙwasa. Idan ka ga abin da ya kai rabin bolt, dayod ya mutu a cikin altaneta, kuma wannan gurɓatacciyar wuta tana rikita sensoci har mota ta riƙa mutuwa ba dalili.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a daina: cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altaneta na caji, ko tayar da mota da batirin wani sannan a zare shi a mayar da naka. A zamanin Fijo 504 mai kafireta an sha yin haka an tsira. A motar da ke da kwamfuta, batir shi ne ke shanye tsallen wuta, kuma idan aka zare shi tsallen yana iya ƙone birenbos nan take, ko ya raunana shi ya riƙa ciwo daga baya.

Mataki na 5: Girgiza wayoyi

Da na koma wajen dattijon nan na ce masa a gargada ta fi mutuwa, sai ya ce in tayar da ita in bar ta tana silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba. Ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari, yana taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tsince shinkafa. Da ya kai kan wani ƙulli da aka naɗe da baƙin salatif, injin ya mutu. Ya sa na sake tayarwa, ya sake taɓawa, ya sake mutuwa. Da ya warware salatif ɗin sai ga wayar famfon mai an yanke ta an ratsa da na'urar hana sata, an murɗa silallan da hannu ba dalma, sun yi baƙi saboda zafi. Aikin bai kai rabin awa ba.

Ka yi irin wannan da kanka, amma ka nisanci fanka da fanbel, kuma kada ka sa riga mai faɗin hannu. Bi soket ɗin kwamfuta, na kwayil, na sensoci, akwatin fiyus, da duk inda tarin wayoyi ya ratsa ƙarfe ko ya kusanci salansa. Ƙwanƙwasa kowane rilai, wato ɗan akwatin nan da ke haɗa wuta yana yanke ta, da ƙotar sukudireba. Girgiza makulli a cikin raminsa. Duk abin da aka ƙara wa motar bayan ta bar kamfani, na'urar hana sata, tiraka, rediyo mai ƙarfi, ƙarin fitilu, fankar da aka haɗa kai tsaye, shi za ka fara zargi. Ka kuma nemi ɓarnar ɓera, musamman idan motar tana kwana kusa da buhunan hatsi.

Zare kowane fiyus ka dubi ƙafafunsa. Wanda ya yi baƙi ko robarsa ta narke, mazauninsa ya saki. Idan ka tarar an naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus, cire ta yau, don haka motoci ke kamawa da wuta. Fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa kuma ba a ƙara masa lamba, neman inda waya ta goge take taɓa bodi ake yi.

Makunnin bayan makulli yana cinyewa da shekaru, kuma tarin makullai masu nauyi suna ƙara masa wahala. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2002 Honda ta yi kiranyen motoci masu yawa ƙirar ƙarshen shekarun 1990 a Amurka saboda wannan makunni yana kashe inji ana cikin tafiya, kuma a 2014 General Motors ta janye motoci kusan miliyan 2.6 kan matsalar makunni. Irin waɗannan motocin da yawa sun ƙare a hannunmu.

Mataki na 6: Idan ta mutu ta ƙi tashi, wannan ce damarka

Kada ka zauna jiran ta huce. A cikin waɗannan mintuna ne ciwon yake a fili.

Kashe makulli, ka sake kunnawa ba tare da kik ba. Fitilar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke allon gaba, ta kama? Idan ba ta kama ba alhali kullum tana kamawa, kwamfuta ba ta samun wuta: duba babban rilai da fiyus ɗinsa. A Honda Accord da Civic na shekarun 1990 an san wannan rilai, wanda ke ƙarƙashin allon gaba, da tsagewar dalma a ciki, sai ya ƙi aiki idan mota ta sha rana, kuma sake narka masa dalma yana gyara shi.

Sannan kasa kunne wajen kujerar baya ko bakin tanki. A yawancin motoci famfon mai yana yin ɗan gurnani na daƙiƙa 2 idan an kunna makulli. Idan shiru, musanya rilai ɗinsa da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon. Idan har yanzu shiru, sa fitilar gwaji a soket ɗin famfon. Wuta tana zuwa amma bai motsa ba, famfon ne. Wuta ba ta zuwa, famfon ba shi da laifi, kada ka saya. Wasu motocin, irin su Ford da wasu Fijo, suna da wani makunni da ke yanke mai idan mota ta yi karo, kuma mugun rami yana iya tayar da shi. Danna shi ake yi ya koma.

Sai tartsatsi. Sa tsohon fulogi mai kyau a wayar fulogi ko a kwayil, ka kwantar da ƙarfensa a jikin inji nesa da mai, kada ka riƙe da hannu, wani ya ba da kik. Idan ba tartsatsi, kuma allurar juyin inji ba ta ko motsi, sensar kiranshaf ce kan gaba a zargi, ko sensar cikin distiributa da na'urar kunna kwayil a motoci irin su Golf 3. Halinta sananne ne: tana aiki da sanyi, ta ɗauke idan ta yi zafi, ta dawo bayan minti 15 ko 20. Ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma. Idan motar ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, ka samu. Idan za ka saya, nemi ta asali, ko sabuwa ko ta Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa ko Panteka, domin jabun sensa tana dawo da ciwon cikin 'yan makonni.

Idan akwai tartsatsi kuma famfo yana gurnani, a auna ƙarfin mai da geji. Yawancin motoci masu injekta na wancan zamani suna son geji ya nuna wajen 3 a ma'aunin bar. Famfon da ya gaji yana iya ba da wannan da safe ya kasa da rana. Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 da yawa daga cikinmu a kan jan layi muke yawo. Idan motarka ta fi mutuwa a kwana ko a hawa lokacin da mai ya yi ƙasa, cika rabin tanki ka gwada mako guda. Ka canza matatar mai, musamman idan kana sha a wajen 'yan bumburutu.

Mataki na 7: Mai mutuwa a silo kawai

Idan ba ta taɓa mutuwa a guje ba, sai ka saki totur ko ka tsaya a danja, to yawanci ba wuta ba ce, numfashi ne. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna toshe maƙogwaron totur da bawul ɗin silo. A wanke su da abin fesawa na kafireta, a duba matatar iska, a bi robobin iska a nemi wadda ta tsage tana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Idan taka birki ne ke kashe ta, a duba tulun birki da robarsa. Bayan wanki ko cire batir, wasu motocin suna ɗaukar ɗan lokaci kafin silo ya daidaita.

Mataki na 8: Kwamfuta, da iyakarta

Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a kusa da sitiyari. A karanta lambobin kafin a cire batir, domin a tsofaffin motoci cire shi yana goge su, kuma ka rubuta su da hannunka. P0335 tana nufin layin sensar kiranshaf, P0340 na kamshaf, P0230 layin famfon mai, P0562 ƙarancin wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, P0505 tsarin silo. Lambar layi take nunawa, ba lallai kayan ba. Wayar da ta goge tana ba da lamba ɗaya da matacciyar sensa. Idan ka ga lambobi barkatai na abubuwan da ba su da alaƙa, koma mataki na 2 da na 3. Rashin lamba ma shaida ce, domin kwamfutar da wuta ta yanke mata ba ta samun damar rubuta komai.

Birenbos yana lalacewa, ba ƙarya ba ne. A 2010 Toyota ta janye Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda tsagewa a cikin allon kwamfutar da ke iya kashe inji. Amma shi ne na ƙarshe a layi. Kada ka yarda a canza shi sai an nuna maka da mita cewa wutarsa da at ɗinsa lafiya suke, kuma an buɗe an duba ko ruwa ya shiga.

Idan batir yana mutuwa cikin dare

Wannan ɗan'uwan matsalar ne, kuma sau da yawa tushensu ɗaya. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Cire kan mainos, mayar da jan tsinken mita ramin 10A, ka sa mitar a tsakanin dalmar batir da wayar da ka cire. Kada ka ba da kik a haka, mitar za ta ƙone. Jira minti 20 zuwa 30 kwamfutoci su yi barci. Abin da ya rage kada ya wuce 0.05 a awon amp. Idan ya wuce, zare fiyus ɗaya-ɗaya har awon ya faɗi; layin da ya faɗi a kansa nan ɓarawon yake, kuma galibi fitilar but ce, ko rediyo, ko tiraka. Idan ka zare duka bai faɗi ba, cire ɗayan kan batirin, ka kwance babbar wayar bayan altaneta ka naɗe bakinta, ka mayar ka sake aunawa, domin mataccen dayod yana tsotse batir ko mota a kashe take.

Duk abin da ka gyara, abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka rubuta ranar a littafin nan, ka ajiye tsohon kayan a but. Sannan ka mayar da motar cikin yanayin da ta saba mutuwa, hanyar nan mai gargada ko gosulon azahar, sau uku ko huɗu. Idan a da tana mutuwa sau biyu a mako, sai ta yi mako uku cur ba ta yi ba kafin ka ɗauki iyali a cikinta zuwa doguwar tafiya.